Hazon Kaduna: Wanne Ne Na Hunturu, Wanne Ne Namu?



Hunturu ya kankama a Kaduna. Rana tana fitowa fara fat, ba ƙarfi, har mutum ya iya kallonta ido da ido. Direbobin da suka haye gadar Kawo za su Zariya suna kunna fitila da hantsi. A Malali da Unguwar Rimi masu sola na hawa rufi suna goge gilashi, a Rigasa da Tudun Wada iyayenmu mata sun gaji da sharar tsakar gida. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara sai tari. Kowa ka tambaya amsarsa ɗaya ce: hazo ne, lokacinsa ne, sai haƙuri.

To ni yau da gardama na zo. Abin da ya rufe mana sararin samaniyar nan abu biyu ne suka cakuɗe. Akwai ƙura, wadda ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso hancinmu, ba mu da ikon hana ta tashi. Akwai kuma hayaƙi, wanda mu muka ƙyasta masa ashana. Idon mutum daga ƙasa ba ya iya raba su. Amma akwai taurarin ɗan'adam da ke shawagi a samanmu dare da rana, su kam suna raba su, suna ganin inda kowanne ya taso, da sa'ar da ya taso, da inda ya dosa. Hotunan da suke ɗauka kuma kyauta ne, ba a biyan ko kwabo.

Bari mu fara da baƙuwar, wato ƙura.

A arewacin ƙasar Chadi, kudu maso yamma da garin Faya-Largeau, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce, wurin nan ƙarƙashin ruwa yake. Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, ya ninka jihar Kaduna fiye da sau bakwai. A cikin ruwan akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, masu ɓawo, waɗanda ido ba ya gani. Suna mutuwa suna kwanciya a ƙasan tafki, shekara bisa shekara, ƙarni bisa ƙarni. Da ruwan ya janye, sai ya bar wata farar ƙasa mara nauyi, wadda in ka murza ta a hannu take marmashewa. Ita ce wannan farar hodar da ke kwanciya a kan gashin ido da gemun dattawa a masallacin asuba. Ba duka ƙurar hunturu ce ke fitowa daga can ba, akwai ta wajen Bilma da sauran sassan Nijar, amma masana sun yi ittifaƙi cewa babu wani wuri guda a doron ƙasa da ya kai Bodele tayar da ƙura.

Me ya sa can? Saboda iska. Arewa da kwarin akwai duwatsun Tibesti, ta gabas akwai na Ennedi. Iskar da ta taso daga arewa maso gabas sai ta matse a tsakaninsu, ta fito da ƙarfi kamar daga bakin zugazugin maƙeri, ta faɗa kan wannan farar ƙasa. Ta fi ƙarfi da safe, bayan rana ta ɗan ɗaga. A shekarar 2005 wasu masana ƙarƙashin Richard Washington na Jami'ar Oxford sun je har can suka kafa na'urori suka auna ta. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya ƙiyasta cewa kwarin na tayar da ƙura kwana kusan 100 a shekara, kuma a ranar da ya tashi sosai cikin hunturu yakan watsa tan 700,000 sama. Ku kwatanta da tirela mai ɗaukar tan 30, ku ga tirela nawa ke nan a yini guda.

Mu ma a nan gida an daɗe ana bin sawun wannan ƙura. Tun 1979 wani masanin yanayi ɗan Najeriya, A. E. Kalu, ya yi rubutu a kan yadda take tasowa daga yankin Bilma da Faya ta ratsa Afirka ta Yamma. A 1980 Grant McTainsh ya wallafa sakamakon awon ƙurar da ke sauka a Kano. Bincikensa ya nuna cewa ƙasar noman Kano kanta, wani sashe nata daga sama ya sauko, tsawon dubban shekaru. Saboda haka manomin da ke cewa shekarar hazo shekarar albarka ce, kada ɗan boko ya yi masa dariya. Ƙurar na ɗauke da sinadaran taki. Har ma tana haye Tekun Atilantika: wani bincike na hukumar NASA ta Amurka a 2015 ya ƙiyasta tan miliyan 182 na barin Sahara ta yamma kowace shekara, tan miliyan 27 da ɗoriya na sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. Masana na ta jayayya a kan nawa ne rabon Bodele a ciki. Wannan mu bar musu. Mu abin da ya dame mu shi ne rabon da ke sauka a huhun yaran Badarawa.

Yaya ake ganinta daga sama? Akwai tauraron da ake kira Meteosat, mallakar wata hukuma ta ƙasashen Turai mai suna EUMETSAT, wadda hedikwatarta ke Darmstadt a Jamus. An ɗora shi a nisan kilomita kusan 36,000, saitin Tekun Gini, kudu da Ghana. Gudunsa daidai yake da juyawar duniya, don haka kullum yana wuri guda yana fuskantar Afirka. Tsohon samfurinsa na aiko hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disamban 2022 kuwa duk minti 10. Kuma aikinsa ya wuce ɗaukar hoto irin na kyamarar waya. Yana auna zafin da ke tashi daga ƙasa a ma'aunai daban-daban, ita kuma ƙura tana tare wannan zafi ta wata hanya da ta saɓa wa ta gajimare. Kwamfuta sai ta ɗauki bambancin ta mayar da shi launi. A allon masu hasashen yanayi ƙura na fitowa ruwan hoda mai kauri, ko da tsakar dare ne, tunda zafi ake aunawa, ba a jiran hasken rana. Mutum na zaune a ofis a Abuja zai ga ta tashi daga Bodele da ƙarfe tara na safe, ta miƙe ta haye Tafkin Chadi, ta shigo ta Borno da Yobe, ta doshi Kano.

Daga Bodele zuwa Kaduna wajen kilomita 1,300 ne. Ƙurar kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu a hanya, gwargwadon ƙarfin iska. Jama'a, ku riƙe wannan. Kwana ɗaya zuwa biyu kafin hazo mai kauri ya rufe Kawo, akwai waɗanda suka riga suka san yana tafe.

Kuma a yi adalci, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana faɗa. Takan haɗa hotunan tauraro da rahoton tashoshin Faya da Bilma da Gigimi da Damagaram, ta fitar da gargaɗi cewa ga ƙura nan, nisan gani zai ragu zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka. Tambayar ita ce, kunnen wa gargaɗin ke shiga? Yana isa ga matuƙan jirgin sama, dole ne ma, domin su rayuka suke ɗauke da su a sama. Kun tuna a Fabrairun 2020 yadda hazo ya sa jiragen ƙasashen waje da suka doshi Legas suka riƙa karkata zuwa Accra. Yana fitowa a jaridun Turanci da shafukan intanet. Amma mai asma da ke Hayin Banki, da direban tashar Kawo da zai ɗauki hanyar Kano da asubahi, da shugaban makarantar firamare a Unguwar Dosa da zai tsayar da yara a fili don taron safe, su sai sun buɗe ƙofa suke sani. Mai fentin mota a Panteka, da ya san jibi ƙura za ta sauka, da ya ɗage aikin ko ya gaggauta shi. Haka mai shanya kilishi, haka mai shanya barkono da tumatir. Asibitin Barau Dikko da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando za su iya shirya wa cunkoson masu tari da ciwon ido kafin su iso. In kunne ya ji, jiki ya tsira. To kunnen ne bai ji ba.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan nauyi, wato sanƙarau. Muna zaune a tsakiyar yankin da wani likita Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya fara zanawa tun 1963, wanda yanzu ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda wannan cuta ke yin annoba. Wanda ya yi wayo a 1996 ba zai manta ba: mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa. Ƙura ba ita ce ƙwayar cutar ba, kada a ce na faɗa. Amma masu bincike sun daɗe da lura cewa annobar na bin lokacin bushewar iska da ƙura, tana tsananta da zafin bazara, ta lafa da saukar ruwan sama. Bayanin da suka fi karkata a kai shi ne busasshiyar iska mai ƙura tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami ƙofar shiga jini. Allurar rigakafi ita ce babban makami, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare iri biyar na ƙwayar. Duk da haka, jami'in lafiya da ya san makon da ƙura ta fi kauri ya san makon da zai ƙara buɗe ido.

Yanzu mu dawo kan namu, hayaƙi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun hango Chadi, bari mu dubi ƙarƙashin ƙafarmu.

NASA na da taurari biyu, Terra da aka harba a Disamban 1999 da Aqua a Mayun 2002. Su ƙasa-ƙasa suke, an ɗora su a nisan kilomita 705, suna zagaya duniya ta arewa da kudu. An tsara ɗaya ya riƙa wucewa ta kanmu da hantsi, ɗayan bayan azahar, sannan su sake wucewa da dare. Daga 2011 aka ƙara musu wata na'ura mai suna VIIRS a kan wani tauraron, wadda ke duba ƙasa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mita 375. Wuta na fitar da wani irin zafi da ya bambanta da na ƙasar da rana ta gasa, kuma shi waɗannan na'urori ke farauta. Duk inda suka same shi sai a sa jan ɗigo a taswira. Cikin kamar sa'a uku ɗigon ya hau wani shafi da ake kira FIRMS, wanda kowa ke iya buɗewa a waya.

Ka buɗe wannan taswira a watan Disamba ko Janairu, ka ga abin mamaki. Jan ɗamara ce tun daga Gini har Sudan ta Kudu. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka take. Duniya ta yi ta magana a 2023 da gobarar dajin Kanada ta ci hekta wajen miliyan 15, hayaƙinta ya mayar da sararin birnin New York ruwan goro a ranar 7 ga Yuni, aka rufe wasanni, aka dawo da takunkumi. Wutar da ke ci a Afirka duk shekara ta ninka wannan nesa ba kusa ba, sai dai tamu ta ciyawa ce, ƙanana ne birjik, kuma mun saba.

Ga wani abu da taswirar ke nunawa wanda ya cancanci a tsaya a kansa. In ka dubi kewayen Kano da Katsina, ɗigon kaɗan ne. In ka gangaro kudu, ta Birnin Gwari da Kachiya da jihar Neja har Binuwai da Taraba, sai su yi yawa. Dalili a fili yake. A ƙasar Kano babu dajin da za a ƙona, gona ce ta haɗe da gona, kuma kara da harawa kuɗi ne. Kara danni ne, makamashi ne, abincin dabba ne. Wa zai cinna wa kuɗinsa wuta? Nan wajenmu kuwa ruwan sama ya fi yawa, ciyawa ta fi tsayi, ta fi ƙarfin mai yanka. Kaduna ta zauna daidai kan iyaka: ƙura na zuwa mata daga arewa maso gabas, wuta na ci a kewayenta. A Janairun 2006 masana daga Ingila sun kafa sansani a Yamai, suka riƙa tashi da jirgin bincike suna ratsa wannan hazo. Abin da suka tarar shi ne hawa biyu ne, ƙura a ƙasa, hayaƙin gobarar daji a samanta. A shekarar ce kuma Amurka da Faransa suka harba CALIPSO, tauraron da ke harbo haske ƙasa ya auna wanda ya dawo, har ya bambance ƙwayar ƙura mai kusurwa-kusurwa da ta hayaƙi, ya faɗi tsayin da kowace take. Ya yi aiki har 2023.

Ba na son a ɗauka duk mai ƙona daji mahaukaci ne. Makiyayi na ƙona busasshiyar ciyawa don sabon toho ya fito wa shanunsa. Manomi na share saura, yana korar macizai, yana samun toka. Ma'aikatan gandun daji ma tun zamanin Turawa suna sa wuta da gangan a farkon rani, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba, don ta ci sama-sama ta mutu, ta hana babbar wuta ta Fabrairu da Maris mai cinye bishiya har saiwa. A arewacin Ostireliya, tun 2006, 'yan asalin ƙasar suna yin irin wannan ƙuna ta farkon rani, ana bin sawunta da hotunan tauraro, har ana biyansu kuɗi saboda hayaƙin da suka rage. Ashe magana ta lokaci ce da tsari. Wanda ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne wanda zai cinna wa daji guda wuta saboda gafiya biyu, wutar ta tsallaka ta cinye wa bawan Allah damin dawar da bai kwashe ba, ko ta lashe turakun lantarki. Tun 2011 akwai dokar tarayya a ƙarƙashin hukumar NESREA da ta tsara ƙona daji da ƙona shara a fili, jiha kuma tana da tata hukumar kare muhalli, KEPA. A da in an ce a hukunta, sai a ce wa ya gani? Yanzu akwai ɗigo mai ɗauke da rana da sa'a da wuri. Ko dazukan da ma'aikatan gandun daji ba sa iya shiga saboda 'yan bindiga, irin na Kamuku, tauraro na ganin wutar da ke ci a cikinsu. Ɗigon ba zai faɗi sunan wanda ya ƙyasta ashanar ba. Wannan aikin mai unguwa ne da dagaci, su suka san wanda ya fita farauta ranar.

Sai dai kada mu ɗora wa tauraro abin da ba zai iya ba. Yana wucewa ne a sa'o'i sanannu, wutar da aka kunna da la'asar ta mutu da magariba na iya kuɓuce masa. Ƙananan wutar gona ma haka. Da aka sake auna Afirka kudu da Sahara da taurarin Sentinel-2 na Turai, masu ganin gunduwar mita 20, sai aka tarar ƙasar da ta ƙone a 2016 ta fi ƙiyasin farko da kashi 80 cikin 100. Abin da ake gani a taswira ke nan bai kai abin da ke ƙasa ba.

Mafi muni kuma, hayaƙin da ya fi cutar da mu a cikin gari shi ne wanda tauraro ya fi kasa gani. Bolar da aka cinna wa wuta da magariba, cike da leda da roba. Tayar da ake babbakar kai da ƙafa da ganda da ita. Tayar da matasa ke ƙonawa a bakin titi da asuba don jin ɗumi. Janareto a kowane shago, itace da gawayi a kowane murhu, tsofaffin tireloli a hanyar Nnamdi Azikiwe. A daren hunturu ƙasa na hucewa da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Sai ya tsaya daidai tsayin mutum har rana ta ɗaga. Wannan shuɗi-shuɗin da ke kwance a kan unguwa da sassafe, mai ƙauri, mai sa ido yaji, ba daga Chadi ya zo ba. Ƙura ba ta ƙauri. Kuma ƙwayar hayaƙi ta fi ta ƙura ƙanƙanta sosai. Manyan ƙwayoyin ƙura hanci da maƙogwaro na tare da yawansu, ta hayaƙi kuwa sai ta zarce can ƙuryar huhu, wata ma ta shiga jini.

Tauraro na auna kaurin hazo ne tun daga sama har ƙasa a dunƙule. Bai san nawa ne a saitin hancin yaro ba. Don haka dole a sami na'ura a ƙasa da za ta gaskata shi ko ta gyara masa. Jami'ar Ilori na da irin wannan tasha tun 1998, cikin wani tsari na duniya da ake kira AERONET, akwai wata a Banizumbu kusa da Yamai. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin biranen da iskarsu ta fi ƙazanta da ƙwayoyin ƙura. Onica ce ta ɗaya a duniya da maikirogiram 594 a kowace kubik mita ta iska. Kaduna ta zo ta biyar da 423, alhali mizanin hukumar a lokacin 20 ne, a 2021 ma ta rage shi zuwa 15. Mai son musu zai iya cewa alƙaluman sun yi yawa, ko sun tsufa. To da me zai musa? Sai da nasa awon. Garin da aka sa a sahun biyar na duniya ya kamata a ce tun washegari ya jera na'urori a Kawo da Kasuwar Barci da Rigasa da Mando, ana karanta sakamakon kullum. Na'urorin nan yanzu sun yi araha, akwai waɗanda girmansu bai wuce tafin hannu ba. Ga Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Fasaha a Tudun Wada, ga cibiyar fasaha ta sojan sama a Mando, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, duk cike da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai.

Na san wani zai ce, ina namu taurarin? Muna da su. An kafa hukumar NASRDA a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a ranar 27 ga Satumban 2003, har ya ba da hotuna lokacin da guguwar Katrina ta afka wa Amurka a 2005. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X suka biyo baya a Agustan 2011, kuma injiniyoyinmu ne suka haɗa na ƙarshen a Ingila. Akwai cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos. Amma waɗannan an ƙera su ne don zana taswirar gonaki da garuruwa da ambaliya, ba don gadin ƙura duk minti goma ba. Kuma a wannan magana ba sai mun sayi sabo ba. Terra da Aqua sun tsufa, an fara shirin yi musu ritaya, amma magadansu na sama suna aiki. Akwai cibiya a Barcelona ta Sifen, ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, da ke fitar da hasashen ƙura na kwanaki masu zuwa domin Arewacin Afirka da yankinmu. Tun 2018 aka tsara wa Burkina Faso taswirar gargaɗi daga wannan hasashe, kowane yanki da launinsa, daga kore zuwa ja. Burkina ba ta fi mu kuɗi ba.

Ranku ya daɗe, masu riƙe da ma'aikatun muhalli da lafiya da yaɗa labarai, abin da ya rage ɗan guntun aiki ne, kuma a garin da ya fi kowane gari a Arewa sanin rediyo. Tun 1962 da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon nan na Kaduna, muryar garin nan ke kaiwa har Agadas da Kumasi. NiMet ta riga ta nuna ana iyawa, tunda tana fassara hasashen damina na shekara zuwa Hausa. Na hunturu ne ya rage, kuma shi na kullum ne. Bayan labaran safe da na dare, daga Nuwamba zuwa Maris, a ware rabin minti a ce: jama'a, ƙura ta tashi daga Chadi yau da safe, ana sa ran ta iso Kaduna gobe da dare, za ta yi kauri kwana biyu. Masu asma su ajiye maganinsu kusa, a sa wa yara takunkumi, makarantu su yi taron safe a cikin aji, direbobi su rage gudu su kunna fitila. Sannan a ƙara da cewa: jiya tauraro ya ga wuta a wuri kaza da wuri kaza a ƙaramar hukumar Igabi, kuma iska a kwance take, don Allah kada a ƙona bola yau da dare. Mu ma ma'aikatan rediyo da namu laifin. Muna da lokacin gaishe-gaishe da sakamakon ƙwallon Ingila, wannan ma za mu iya nema masa wuri, ba sai an biya mu kuɗin talla ba.

Kafin a kai ga haka, matasanmu masu waya a hannu, ku nemi FIRMS ku buɗe, ku jawo taswirar zuwa Kaduna, ku duba hanyar Mando zuwa Buruku da kewayen dajin Afaka da hanyar Zariya. Ku taɓa kowane jan ɗigo, zai ba ku rana da sa'a. In ya faɗo kusa da gonakin garinku, ku nuna wa mai unguwa.